Wutar Aro Ba Ta Rufe Katara

A farkon watan Agusta na 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta bi umurnin ƙungiyar CEDEAO ta katse layin wutar da ke tasowa daga Birnin Kabi zuwa Yamai. Hannu ɗaya ya isa ya jefa babban birnin ƙasa cikin duhu, domin a wancan lokaci kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke sayarwa daga maƙwabciyarmu take fitowa. Tela ya naɗe hannu, mai ƙanƙara ya zubar da ruwa, mai walda ya koma zaman benci, manyan ma'aikata kuwa suka gano cewa ofis ba ya zaunuwa idan na'urar sanyi ta yi shiru. Sai da aka ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairu na 2024 kafin wutar ta dawo a watan Maris. Wata bakwai ke nan ƙasa mai tuta da taken ƙasa tana lalube.

A ƙauyukan Tondikandiya da na ƙasar Kurfai wannan babban tashin hankali labari ne da aka ji a rediyo mai batir. Ba a ɗauke musu kome ba, don ba a taɓa ba su ba. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ke da wutar lantarki, a karkara kuwa ba a kai ɗaya cikin goma ba. Saboda haka duk wanda ya tashi yin maganar ƙarfafa rarraba wuta a wannan ƙasa, marasa lafiya biyu ke gabansa: birnin da ke rataye da igiya ɗaya, da ƙauyen da ko igiyar bai samu ba. Abin da nake son nunawa a nan shi ne maganinsu ɗaya ne, kuma waɗanda aka ɗora wa alhakin nemo shi sun daɗe suna kallon wani gefe.

Bari mu tuna yadda aka zo nan. An kafa NIGELEC a 1968. A 1976 aka kunna layin Birnin Kabi mai kawo wutar madatsar Kainji, zamanin Seyni Kunce, wanda ɗan Tondikandiya ne, a Fandu aka haife shi, can kuma yake kwance. Ba na zargin masu wancan shawara. Wutar Kainji ta fi ta injin gazuwal araha nesa ba kusa ba, ƙasa kuwa matalauciya ce. Laifin na waɗanda suka biyo baya ne, da suka mai da dabarar wucin gadi ta zama gado, suka yi shekara arba'in da bakwai suna kwana da zanen aro. Ba kuma za su ce ba a gargaɗe su ba. A watan Mayu na 2013 guguwa ta kayar da ƴan turakun ƙarfe a kan wannan layi, Yamai ta yi makonni tana shan baƙar wuya. Ran nan babu takunkumi, babu CEDEAO, iska ce kawai. An gina tashar gazuwal ta Goru Banda, aka buɗe ta a 2017, amma tunanin bai sauya ba: babbar tasha, dogon layi, kowa ya rataya a jikinsa.

Idan ka tambayi masu wannan tunani yaushe wuta za ta kai Damana da ƙauyukan da ke kewaye da ita, amsa a shirye take: a jira Kandaji. Shugaba Tanja ya aza tubalin madatsar a watan Agusta na 2008. An ba wani kamfanin Rasha aikin, aka karɓe a 2013. An sake ƙaddamarwa a 2019 da kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin, aikin ya tsaya bayan juyin mulkin 2023. Yaron da aka raɗa wa suna ranar aza tubalin ya isa ɗaukar garma tuntuni, megawat 130 ɗin da aka yi alkawari kuwa suna nan a takarda. Ni ba maƙiyin Kandaji ba ne, Allah ya nuna mana ranar da za a gama ta. Amma ko an gama ta gobe, wutarta a kan waya za ta bi, wayar nan kuma sai ta ratsa jihar Tilaberi, inda kowa ya san abin da ake ciki tun harin Inates na Disamba 2019 da na Shinagodar na Janairu 2020. Wa zai tsare kowane turke a cikin wannan daji? Waɗanda suke ganin tambayar ta yi tsauri su dubi abin da ya sami arewacin Nijeriya a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wani layin kuma ya faɗi, Kano da Katsina da maƙwabtansu suka yi kwana da kwanaki babu wuta. Gidan da muke aro ma ke nan.

Kakanninmu ba su san lantarki ba, amma sun san wannan matsala sarai, kuma sun warware ta. Babu garin Kurfai da ya taɓa zuba hatsinsa duka a rumbu ɗaya a fadar Filinge ya ce kowa ya riƙa zuwa awo. Kowane gida da rumbunsa, gari kuma da rumbun tsimi. Gobara ta ci ɗaya, saura su ciyar da mai shi. Abin da injiniyoyi ke kira ƙaramin rezo bai wuce wannan ba: fili mai shinge cike da faifan hasken rana, ɗakin batura, wataƙila da ƙaramin injin gazuwal na ko-ta-kwana, sai wayoyi da ba su wuce iyakar gari ba. Garin da babban layi bai kai ba, wannan ce wutarsa. Garin da layi ya kai kuwa, ana haɗa su biyun, su yi ta musayar wuta, ranar da layin ya faɗi sai gari ya yanke kansa daga jikinsa ya ci gaba da ciyar da asibiti da famfon ruwa da kasuwa har a gyara. Wannan yanke kai shi ne zuciyar maganar. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2023 ta kuma rage wa Yamai raɗaɗin takunkumi, ayyuka ne na a yaba. Sai dai su ma cikin babban layi suke zuba wutarsu. Mutumin Bonkuku ba ya da rabo a ciki sai waya ta iso shi lafiya.

Abin takaici, ba baƙo ne zai koya mana rana ba. Abdu Mumuni Diofo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, yana ƙera na'urorin ɗumama ruwa da hasken rana tun lokacin da ƙasashen da ke sayar mana da faifai yau ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Ya rasu a 1991. Muka raɗa wa gine-gine sunansa, muka bar aikinsa ya yi ƙura.

To, ga inda masu adawa ke da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ta ba. Rana tana faɗuwa. Faifan hasken rana ya yi araha ƙwarai, farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, amma batir har yanzu shi ne mai cin kuɗi, shi ne kuma mai saurin mutuwa, musamman irin na dalma a cikin zafin watan Afrilu na ƙasarmu. Na taɓa sauka a wani ƙauye na yankin nan, aka kai ni ɗakin shan magani, na tarar da faifai a kan rufi suna ƙyalli, firjin allurar rigakafi kuwa an mai da shi ma'ajin takardu. Baturan sun mutu shekara biyu da suka wuce, masu aikin da suka kawo su sun rufe littafinsu sun tafi, ba a bar ko dala a asusun sauya su ba. Allon da ke ɗauke da sunan aikin dai yana nan a bakin hanya, fentinsa bai ko dushe ba. Duk wanda ya zaga karkarar Nijar ya ga irin wannan maƙabarta.

Amsar wannan ba ta cikin sayen batura masu yawa. Tana cikin abin da ba a son faɗa wa mai sayen wuta, wato lokacin da ya kunna injinsa yana da farashi. Mu yi lissafin ɗan kasuwa. Faifai masu ƙarfin kilowat ɗaya suna ba da kamar kilowat-awa biyar a yini mai kyau a ƙasarmu, mafi yawansa tsakanin hantsi da la'asar. A ce injin niƙa na lantarki yana jan kilowat goma, yana aiki awa huɗu. Idan bayan magariba ya yi aikin, sai an tanadi baturan da za su riƙe masa kilowat-awa arba'in da ɗoriya, shi kaɗai. Idan tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da ƙarfe uku ya yi shi, ko batir ɗaya ba ya buƙata, daga faifai wutar za ta wuce kai tsaye cikin injin. Gero ɗaya, gari ɗaya, amma kuɗin ginin tashar ya bambanta da miliyoyin sefa. Haka mai walda, haka mai injin katako. Famfon da ke cika tankin ruwan gari ya fi kowa sauƙin sha'ani, domin ruwan da aka hau da shi sama da tsakar rana yana nan yana jira har asuba, tankin nan batir ne da ba ya mutuwa. Ƙanƙarar da za a sha ruwa da ita a watan azumi da rana ake daskarar da ita. Madarar shanun Azawak na wajen Tukunus a cikin sanyin da aka tara da rana za ta kwana. Masu lambu a kwarin Dallol Boso, inda ruwa ba ya da zurfi, da masu dankalin turawa na Bonkuku, ba wanda ya hana su ban ruwa da hantsi in ban da tsadar man da suke zuba wa ƙananan injuna. Idan aka janye duk waɗannan zuwa rana, abin da ya rage wa dare kaɗan ne: fitilu, fanka, firjin asibiti, ɗakin haihuwa. Wannan kuwa ƙaramin ɗakin batura ya ishe shi.

Ta yaya ake sa mutum ya sauya lokacinsa? Ba da jandarma ba. Da farashi. Wutar tsakar rana ta yi araha, ta bayan magariba ta yi tsada ga manyan injuna, kwantar zamani mai biyan kuɗi kafin sha ta san ƙarfe nawa ne, ba ta kuma karɓar cin hanci. Waɗanda suka yi karatu a Faransa, kuma suna da yawa a manyan ofisoshinmu, sun san kamfanin EDF ya yi shekaru aru-aru yana sayar da wutar dare da rahusa don mutane su kunna tukunyar ruwan zafi a lokacin, har yana da tsarin da ke raba kwanakin shekara zuwa shuɗi da fari da ja. Su can dare ne lokacin yalwa, mu nan rana ce. Sun ga abin da idonsu, sun biya takardar kuɗinsa, suka dawo gida suka kwaikwayi kome na Faransa har da yadda ake ɗaura wuya, ban da wannan. Makiyayi a bakin rijiyar daji ma ya san shi ba tare da ya je Faransa ba: garke ba ya shan ruwa gaba ɗaya, kowa da lokacinsa, in ba haka ba rijiya ta ƙafe a yi faɗa.

Akwai wanda zai ce mata da yamma suke kai niƙa, bayan sun dawo daga gona ko itace, kuma ba injiniya ne zai tsara musu yini ba. Gaskiya ne, shi ya sa ba daga Yamai za a rubuto jadawalin ba. Idan mai injin ya sami wutar rana da rabin kuɗi, ya rage kuɗin tiya ga wadda ta aiko yaro kafin azahar, mata da kansu za su yi lissafin, sun fi mu iya shi. Da damina, lokacin da gari ke watsewa gona tun safe kuma gajimare ke rage wuta, a sassauta. Da hunturu a sami mai share ƙura daga kan faifai kowace safiya, a biya shi, don ƙurar nan tana cin wuta kamar ɓarawo. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke raba tashar da za ta shekara ashirin da wadda za ta zama allon bakin hanya.

Sai babbar hujja, wadda ake jefowa don a rufe baki: wai talakan ƙauye ba zai iya biya ba, wutar ƙaramin rezo ta fi ta NIGELEC tsada. Ta fi ta tsada, ban musa ba. Amma a zo a duba abin da talakan nan yake biya yau. Yana ba da dala goma ko ashirin a caja masa salula a kasuwa. Batirin salula bai fi ya ɗauki kashi ɗaya cikin sittin ko saba'in na kilowat-awa ba. A buga lissafi: mutumin nan yana sayen kilowat-awa ɗaya a kan jika uku zuwa shida, alhali ma'aikacin da ke zaune a Yamai yana sayensa sefa ɗari da ƴan kai ko ƙasa da haka. Ba a sa kuɗin batirin tocila ba, ba a sa na man injin niƙa da ake ɗorawa a kan kowace tiya ba. Wanda ya fi kowa talauci shi ke sayen wuta mafi tsada a ƙasar nan, sannan a ce don tausayinsa ne aka bar shi cikin duhu har ranar da za a iya kawo masa mai araha. Wannan tausayi jiran gawon shanu ne.

Doka ba ta hana ba. An kafa hukumar ANPER mai kula da kai wuta karkara a 2013, hukumar ARSE mai sa ido kan farashi a 2015, dokar lantarki ta 2016 kuma ta buɗe wa ƴan kasuwa ƙofa. Bankin Duniya ya sa kuɗi a shirin NESAP a 2017, ya ƙara da shirin Haske a 2021 mai fiye da dalar Amurka miliyan 300. Takardu sun cika, taruka sun yi yawa. Abin da ɗan kasuwa ke son ji kafin ya zuba dukiyarsa tambaya biyu ce tak, kuma sai an amsa su a rubuce, da hausar da zai gane. Nawa aka yarda ya sayar da wutarsa? Ranar da babban layi ya iso garin, za a sayi tasharsa, ko za a sayi wutarsa, ko kuwa za a ce masa ya kwashe kayansa? Muddin amsar tana cikin aljihun wani darakta, babu mai hankalin da zai sa jika ɗaya.

Ku kuma ƴan kasuwa, ba ku fita ba. Duk wanda ya shiga babbar kasuwa irin ta Balleyara ranar Lahadi ya san ƙarar ƙananan janareto da hayaƙinsu, kowa da nasa, kowa yana sayen mai da kwalba. Tun bayan takunkumin 2023 faifan hasken rana ya zama haja mai tafiya a Yamai, amma nan ma kowa rufinsa ya sani: mai hali ya sayi faifai da batura fiye da buƙatarsa, wutar da ta yi masa yawa da rana ta tafi a banza, maƙwabcinsa tela yana zaune babu aiki. A kasuwar Sabon Gari ta Kano, tun 2018 aka kafa wa dubban shaguna wutar hasken rana ta haɗin gwiwa, kowane shago da kwantarsa. Ba aljanu suka yi ba. Mutanen da suka iya haɗa kuɗi su yi hayar babbar mota zuwa Kwatano sun iya haɗa kuɗi su kafa tasha a bayan kasuwa, in sun ga dama.

Ma'aikata, ƴan'uwana, naku ya fi ciwo, don da ku muke cin tuwo. Na shiga wani ofishin gwamnati da tsakar rana a watan Mayu, na ƙirga ɗakuna biyar a jere, na'urar sanyi tana ruri a kowanne, babu kowa ciki sai kujeru. A daidai wannan sa'a ake yanke wa wata unguwa wuta don layi ya kasa ɗaukar kaya. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda Kunce yakan faɗo ofis da sassafe ba sanarwa ya ga wanda ya makara. Ban yi kewar mulkin tsoro ba, amma na yi mamakin yadda muke iya rubuta rahoto mai shafi ɗari kan ƙarancin wuta a cikin ɗakin da muka bar taga buɗe da na'ura a kunne. Gwamnati ita ce babbar mai shan wuta. Idan ana neman wanda zai fara sassauta buƙatarsa a lokacin ƙunci, kafin a je kan mai niƙan Damana a fara da gine-ginen da talaka ke biya wa kuɗin wuta da harajinsa.

Saura batun wanda zai riƙe amana. An rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024, aka naɗa masu riƙo. Ko da zaɓaɓɓu ko da naɗaɗɗu, asusun sauya batura shi ne wurin da ƙaramin rezo ke rayuwa ko ya mutu, kuma kuɗin da aka ajiye don shekara bakwai masu zuwa yana da masoya da yawa. A sa shi a banki da sa hannun mutum uku, ɗaya daga masu injuna, ɗaya daga ƙungiyar mata, ɗaya daga hukuma, a riƙa karanta abin da ke ciki a bainar jama'a ranar kasuwa. A koya wa samarin garin gyara, domin mai gyaran da zai taso daga Yamai ya yi kilomita 180 zuwa Filinge a halin da hanya take ciki, ba ranar da aka kira shi zai zo ba. Masu cewa ƴan bindiga za su kwashe faifan, ina jin su. Za su iya. Amma fili ɗaya a tsakiyar gari, wanda kowa ke cin moriyarsa, ya fi ɗaruruwan turaku a daji sauƙin tsaro, kuma in an yi asararsa gari ɗaya ne ya yi duhu.

Tun Janairu na 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO, kalmar da ta fi kowace yawo a bakin shugabanni kuwa ita ce ƴancin kai. Madalla. To, muna roƙon ANPER da ma'aikatar makamashi su buga wa jama'a jeri guda, ba mai tsawo ba: ƙananan tashoshin hasken rana nawa aka kafa a jihar Tilaberi tun 2017, a waɗanne garuruwa, nawa ne daga cikinsu ke ba da wuta a daren yau, nawa ne kuma a gundumar Filinge. Idan jerin ya iso mu, za mu buga shi a wannan shafi yadda yake, ba za mu taɓa ko waƙafi ba.